Amsa ga mai tambaya: Wasa nawa Minnesota Vikings za ta ci a kakar 2025?

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce kai mai goyon bayan Minnesota Vikings ne a gasar NFL ta ƙwallon Amurka, kuma tun da ƙungiyar ta ci wasa 14 cikin 17 a kakar 2024, kana ganin ba laifi ka yi mata hasashen nasara 13 ko 14 a kakar 2025, amma kana so waɗanda suka daɗe suna bin gasar su gaya maka yadda ake irin wannan hasashe. Ni ma na jima ina rubuta nawa hasashen kafin a fara kowace kaka, in dawo a watan Janairu in gwada shi da abin da ya faru, wannan ma kafin a fara kakar 2025 nake rubuta shi, don haka zan gaya maka abin da nake dubawa, da dalilin da ya sa nake ganin ka hau sama da yawa.

Adadin nasarorin bara shi ne abu mafi yaudara da mutum zai kafa hasashensa a kai. Mu da muka saba da gasar Firimiya ta Ingila mun san cewa cikin wasa 38 sa'a da rashin sa'a kan biya juna bashi, har ƙungiya ta ƙare kusa da inda ta cancanta. A NFL kuwa wasa 17 ne kacal tun daga 2021, kafin nan ma 16 ne, saboda haka bugu ɗaya da iska ta karkatar, ko hukuncin alƙalin wasa guda a minti na ƙarshe, yana iya sauya matsayin ƙungiya gaba ɗaya. Abin da ya fi nuna ƙarfin ƙungiya shi ne tazarar da ke tsakanin makin da ta ci da makin da aka ci ta a tsawon kakar, sai kuma yadda ta kasance a wasannin da aka tashi da tazarar maki 8 ko ƙasa da haka, wato waɗanda hari ɗaya ya isa ya juya su.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin ƙungiyarka ce ta ba da mafi kyawun darasi a kan wannan. A 2022 Vikings ta ci wasa 13, ta faɗi 4, amma jimillar makin da ta ci 424 ne, wanda aka ci ta kuwa 427. Ka ga ƙungiya mai nasara 13 wadda aka fi ta zura maki. Yadda hakan ya faru shi ne ta buga wasa 11 masu ƙaramar tazara ta cinye su duka, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar, ciki har da ranar da Indianapolis Colts take gaba da 33 da nema a hutun rabin lokaci, Vikings ta farfaɗo ta ci 39 da 36 a ƙarin lokaci. Idan kuwa ta faɗi, faɗuwar ba ta da kyan gani: Dallas Cowboys ta lallasa ta 40 da 3 a gidanta, Green Bay Packers ta ci ta 41 da 17. A wasan farko na zagayen sili-ɗaya-ƙwale New York Giants ta fitar da ita da 31 da 24. Da aka shiga 2023 sai ta faɗi wasa uku na farko a jere, a hannun Tampa Bay da Philadelphia da Los Angeles Chargers, kowanne da ƙaramar tazara, irin wasannin da ba ta rasa ko ɗaya ba a kakar da ta gabata. Ta ƙare da nasara 7 da faɗuwa 10. Gaskiya ne cewa tsinkewar agarar Kirk Cousins, babban mai jifan ƙwallon ƙungiyar a lokacin, a mako na 8 ta taimaka wajen wannan koma-baya, amma ka lura cewa sa'ar ta riga ta juya tun yana da lafiyarsa.

Kakar 2024 ta fi ta 2022 inganci nesa ba kusa ba, wannan ba na musunsa. An ci maki 432, an ba da 332, tazarar 100 cif. Akwai wani lissafi da masana alƙaluman wasanni suka aro daga wasan besbol, wanda ke auna makin da aka ci da wanda aka bayar ya fitar da adadin nasarar da ya dace da su, kuma idan ka sa waɗannan lambobi a ciki za ka samu kusan nasara 11. Ragowar ukun daga ina suka fito? Daga wasanni masu ƙaramar tazara, inda ta ci 9 ta faɗi 1, ciki har da 23 da 22 a kan Arizona, da 12 da 7 a Jacksonville, da 30 da 27 a Chicago bayan ƙarin lokaci. Wasu za su ce koci Kevin O'Connell ne ya iya sarrafa mintunan ƙarshe, kuma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, sai dai shi ɗin ne dai koci a 2023. Saboda haka ni daga 11 nake fara lissafi, ba daga 14 ba.

Haka nan ina sa alamar tambaya a kan ƙwace ƙwallo. Masu tsaron Vikings ƙarƙashin kocinsu Brian Flores sun cafke jifa 24 na abokan karawa a 2024, fiye da kowace ƙungiya, kuma wannan na cikin abubuwan da ba su cika maimaita kansu shekara biyu a jere ba, domin da yawansu ƙwallo ce ta taɓa hannun wani ta kauce ta faɗo inda aka yi dace. Tsarin Flores na rikita mai jifa zai ci gaba da aiki, amma ba zan yi lissafi da cewa za a sake samun adadin nan ba.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta fi duk abin da na ambata nauyi, wato kwatabak, ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari ya jefa ta ko ya miƙa. Babu wani matsayi a ƙwallon ƙafar da muka sani da ke riƙe da makomar ƙungiya kamar wannan. A 2023 New York Jets ta ɗauko Aaron Rodgers, mutane suka fara maganar Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, sai agararsa ta tsinke a mintunan farko na wasan farko da Buffalo ranar 11 ga Satumba, ƙungiyar ta ƙare da nasara 7. Wanda ya jagoranci Vikings a 2024, Sam Darnold, ya jefa ƙwallon da aka ci tacdawun 35, wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa don cin maki, kuma a watan Maris na 2025 ya koma Seattle Seahawks. Wanda zai gaje shi, J.J. McCarthy, an zaɓo shi na 10 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2024 daga Jami'ar Michigan, ya ji rauni a gwiwa a wasan share fage, ya rasa kakar gaba ɗaya. Kafin kakar 2025 bai buga ko wasa ɗaya na ainihin gasar ba.

Sabon kwatabak yana iya ɗaga ƙungiya, wannan ya faru a gabanmu kwanan nan. Houston Texans ta ci wasa 3 a 2022, C.J. Stroud ya zo ta ci 10 a 2023. Washington Commanders ta ci 4 a 2023, Jayden Daniels ya zo ta ci 12 a 2024, har ta kai wasan da ake neman tikitin Super Bowl. Amma waɗannan su ne ake tunawa saboda ba su da yawa, kuma a daidai shekarar Stroud, wanda aka zaɓa a gabansa, Bryce Young, ƙungiyarsa ta Carolina wasa 2 ta ci. Caleb Williams, na ɗaya a zaɓen 2024, ya ƙare da nasara 5 a Chicago. Abin da ke goyon bayan McCarthy shi ne ya tarar da gida a gyare: akwai Justin Jefferson, wanda yake cikin mafiya iya cafke jifa a gasar, akwai Jordan Addison da T.J. Hockenson, ga kuma kocin da ya farfaɗo da Darnold bayan ƙungiyoyi da dama sun sallama shi. Duk da haka, mai hasashe na gaskiya ba zai ɗauka cewa wanda bai taɓa bugawa ba zai yi daidai da wanda ya yi kakar da ta fi kowacce kyau a rayuwarsa. Ni a nan nake cire nasara ɗaya zuwa biyu daga 11 ɗin.

Inda nake mayar da wani abu shi ne katangar gaba, mutum biyar ɗin da ke kare kwatabak, waɗanda yawancin masu kallo ba sa ko sanin sunayensu. Ka tuna yadda kakar 2024 ta ƙare: Detroit ta ci 31 da 9 a mako na 18, sannan Los Angeles Rams ta ci 27 da 9 a wasan da aka mayar Arizona saboda gobarar daji a Los Angeles, inda aka kayar da Darnold sau 9 da ƙwallo a hannunsa. Mahukuntan ƙungiyar sun ga abin da kowa ya gani, suka ɗauko Ryan Kelly da Will Fries daga Indianapolis, suka zaɓi Donovan Jackson daga Ohio State, kuma kafin a fara kakar 2025 ana jiran dawowar Christian Darrisaw, wanda ya ji rauni a gwiwa a watan Oktoba na 2024. A takarda wannan gyara ne mai kyau. Sai dai katanga ba ta ƙarfi sai mutum biyar ɗin sun saba da juna, kuma da yawansu suna da tarihin jinya.

Jadawalin wasanni kuwa mutane kan yi masa mummunar fahimta, suna cewa ƙungiyar da ta yi kyau bara ana ba ta jadawali mai tsanani. Wasa uku ne kawai cikin 17 ke bin matsayin bara. Shida ana buga su da abokan rukuni, wato sauran ƙungiya uku da take rukuni ɗaya da su, gida da waje, takwas kuma juyi ne da aka riga aka tsara tun shekaru. Da yake Vikings ta zo ta biyu a rukuninta, ukun nata su ne Seattle da Atlanta da Chargers. Ainihin wahalar tana cikin gida, domin rukunin Vikings, wato NFC ta Arewa (NFC ɗaya ce daga ɓangarori biyu na gasar), ya fitar da ƙungiya uku zuwa sili-ɗaya-ƙwale a kakar 2024, Detroit da nasara 15, Green Bay da 11. Juyin 2025 kuma ya kawo rukunin Philadelphia Eagles, waɗanda suka ci kofin kakar 2024, da Washington, da rukunin Baltimore da Pittsburgh da Cincinnati. Detroit ta rasa manyan mataimakan kocinta biyu, Aaron Glenn ya tafi Jets, Ben Johnson ya tafi Chicago, to amma hakan na nufin Chicago ba za ta zama nasara biyu ta arha ba kamar bara. Abu guda da ya yi wa Vikings daɗi shi ne biyu daga wasanninta tara na waje ba a gidan kowa za a yi su ba: da Pittsburgh a filin Croke Park na Dublin ranar 28 ga Satumba, da Cleveland a Landan ranar 5 ga Oktoba. Mu ma a nan za mu huta da kwanan zaune, domin da rana za a buga su, ba kamar wasannin daren Amurka da ke farawa bayan ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya da Nijar ba.

Kada ka bari wasannin share fage na watan Agusta su ruɗe ka. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma wannan karin magana ba ya aiki a NFL, domin manyan 'yan wasa kan zauna a benci ne kociyoyi na gwada waɗanda za a sallama. Detroit ta ci wasanninta huɗu na share fage a 2008, sannan ta faɗi duka 16 na gasar. Cleveland ta maimaita hakan a 2017. Abin da ya kamata ka bi a watan Agusta shi ne jerin waɗanda suka ji rauni, domin jinya ce ke rusa hasashe fiye da komai. San Francisco 49ers ta ci 12 a 2023 ta kai Super Bowl, a 2024 raunuka suka cinye ta, musamman na Christian McCaffrey, ta ƙare da 6.

Akwai wani kuskure da nake gani a wurin kusan duk mai goyon bayan ƙungiya, shi ne ya ɗauki jadawali ya riƙa rubuta nasara a gaban kowane wasan da yake ganin ƙungiyarsa ta fi ƙarfi, sai ya tashi da 14. Ƙungiyar da ta fi ƙarfi ba kullum take ci ba. Abin da nake yi shi ne in ba kowane wasa kaso: wanda nake ganin mai sauƙi ne in ba shi 70 cikin ɗari, na kunnen doki 50, mai wuya 35, sannan in haɗa su. Wasa biyar masu kaso 70 ba nasara biyar ba ne, uku da rabi ne. Idan ka bi jadawalin Vikings da wannan ma'auni, da wuya jimillarka ta wuce 10.

Hasashena shi ne nasara 9, kuma ba zan yi mamaki ba idan ta tsaya a 8 ko ta kai 11, wanda ke nufin takara ta neman gurbi cikin ƙungiya bakwai da ke wucewa daga ɓangaren NFC, ba takarar zama ta ɗaya ba. Ka rubuta naka adadin ka ajiye, ka sake duba shi a mako na 6, lokacin da ƙungiyar za ta yi hutu bayan dawowa daga Landan. Wasa biyar na farko, da Chicago da Atlanta da Cincinnati da Pittsburgh da Cleveland, su ne sashe mafi sauƙi a jadawalin, bayan hutun kuma Philadelphia da Chargers da Detroit da Baltimore ne ke jira. Idan ta isa hutun da nasara 4, kuma McCarthy yana sakin ƙwallo a kan lokaci ba a yawan kayar da shi, zan ɗaga nawa zuwa 11. Idan kuwa nasara 3 ce ko ƙasa da haka, zan bar shi a 9 ko in rage.