Amsar Kaka Kan Tuwon Sallah

Kishiyata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki, saƙonki ya iso ni, kuma sai da na sa aka maimaita mini shi sau biyu kafin na gaskata kunnena. Kin ce Sallah ta ƙarato, ita ce ta farko a ɗakinki, kina tambaya ko dole ne sai an yi tuwon shinkafa da miyar taushe an raba gida-gida, ko kuwa za ki iya ba masu girkin kuɗi su yi miki soyayyar shinkafa da kaji da salak da sauran abubuwan da kika lissafo har kala bakwai, a zuba a 'yan robobin nan da ake ci a yar, ki aika wa dangin miji kaɗai, tunda a cewarki ba ki san maƙwabtanki ba. Na yi dariya har da ƙwalla, amma da dare ya yi maganar nan ta ƙarshe ta hana ni barci. Wata bakwai a unguwa, a ce ba ki san matar da katangarku take ɗaya ba?

Tawa Sallar ta farko a ɗakin miji ta zo ne a 1975, shekarar da Murtala ya karɓi mulki, lokacin kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suna yawo a hannun ma'aikata, tsofaffi kuwa suna nan suna lissafi da fam da sule duk da cewa naira ta shigo tun 1973. Ƙaramar Sallah ta faɗo a watan Oktoba, damina tana bankwana, sabuwar kabewa ta cika kasuwar Rimi. An kawo ni daga ƙauye zuwa babban gida a cikin birnin Kano, hannun surukata da muke kira Inna, Allah ya jiƙanta. Tun azumi yana goma sha biyar ta fara shiri. Tana da wani ɗan ƙoƙo da take jefa ƙwallon dabinon buɗa-baki a ciki, kowane ƙwallo gida ɗaya ne da za a kai wa tuwo, kuma a shekarar ƙwallaye ashirin da shida na ƙirga, har da gidan liman, da na ungozoma, da na wata tsohuwa marar kowa a ƙarshen lungu. Da wannan lissafi take auna shinkafa da gyaɗa da daddawa da man shanu, ta sa a faskara itace a shanya, domin a cewarta ba a fafe gora ranar tafiya. Abinci kuwa kala biyu ne rak, waina da safe, tuwo da miyar taushe na rabo. Na taɓa tambayarta me ya sa ba za a ƙara da funkaso da sinasir ba, tunda akwai hali, sai ta ce mini idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ki dubi kala bakwan nan naki da wannan magana.

Daren Sallah ta kira ni ta ce ita da facalata za su ji da miya, tuwo kuma nawa ne, shinkafa mudu goma. Na kwana ina regewa da ƙwarya, domin shinkafarmu ta gida a lokacin sai an yi da gaske ake raba ta da tsakuwa, kuma babu abin kunya ga amarya kamar baƙo ya tauna dutse a tuwonta. Da asuba na ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa na zuba shinkafa, komai yana tafiya daidai. Abin da ya ɓata ni shi ne ban taɓa ganin hawan Sarki ba. An ce mini idan Sarki Ado ya taso daga filin Idi na Ƙofar Mata, ana hango 'yan dawaki daga saman soronmu, ni kuwa na ƙudura a raina sai na gama kafin lokacin. Shinkafar tuwo tana son wuta sannu-sannu har ta yi laushi ta shanye ruwanta, amma sai na kwaso karan dawa na cusa a murhu, na ƙara manyan itace uku a kai, wuta ta tashi har tana lasar wuyan tukunya. Ina jin bindigogi da algaita na yar da muciya na haye sama.

Ban fi ɗan lokaci kaɗan ina leƙe ba, ko lemar Sarki ban gani ba, sai warin ƙauri ya iske ni a can. Na sauko a guje, kuma a nan na yi kuskuren da ya fi na farko. Da na yi hankali na kwashe na sama zuwa wata tukunya ba tare da na taɓa gindin ba, da an ceci fiye da rabi. Tsoro ya sa na kama muciya na tuƙa da ƙarfi har ƙasa, wai don in ɓoye, sai baƙin ya haɗe da farin, tuwo mudu goma ya koma ruwan toka, ƙauri ya game shi duka. Na ɗauki mara na fara malmalawa ina hawaye, ina rufewa da faifai, kamar faifai yana tare wari.

Inna ta fito daga ɗaki, ba ta ko buɗe faifan ba. Ta dube ni ta ce, "Amarya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ta kira yaran gida ta ba kowannensu fanteka babu komai a ciki, ta ce su shiga gidan wance da gidan wance, su ce Inna tana gaisuwa, tukunyar amarya ta kama. Iyakar saƙon ke nan. Kafin maza su gama gaishe-gaishe a zaure, fanteku sun dawo cike da malmala, wata ta ba da biyar, wata takwas, matar liman kuwa da kanta ta yafo mayafi ta shigo da jiƙaƙƙiyar shinkafa, ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta nuna mini yadda ake janye itace a bar garwashi ya ƙarasa aikin, da yadda ake rufe tuwo ya turara bayan tuƙi. Muka zuba miyarmu a kai muka raba gidaje ashirin da shida ba tare da an tsallake ko ɗaya ba. Abin dariyar shi ne wasu gidajen tuwonsu ne ya koma musu, da na faɗa wa Inna haka sai ta ce ai kowa ya ci tuwo da ita miya ya sha. Miyar kuwa ta yi, kabewa ta narke a cikin romon ƙashi, ga gyaɗa ta kama jikinta, ga ɗan tsamin yakuwa, ga man shanu yana yawo a sama.

Ƙonannen ma ba a zubar ba. An shanya shi a rana ya bushe ya zama ƙanzo, muka yi wata guda ana jiƙa shi ana kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, kuma duk ranar da aka ci sai facalata ta ce a miƙo wa amarya hawan Sarkinta.

Su waɗancan matan ba su taimake ni don sun san ni ba, domin ko fuskata wasunsu ba su taɓa gani ba. Kwanon Inna suka sani, shekara da shekaru yana shiga gidajensu ranar Sallah da ranar suna, kuma ba a taɓa mayar da shi babu komai ba, ko da goro biyu ne ko ƙwai uku. Abin da ke damuna da robobinku ke nan. Kwano yana tafiya ne don ya dawo, yaron da ya kai shi ya samu goron Sallah, matar da ta wanke shi ta san tana da bashin gaisuwa. Roba kuwa ana gama ci a jefa ta a kwata, ba wanda zai tako ƙofarki don ya dawo miki da ita. Ku yanzu kuna da gas da injin markaɗe da kuloli masu riƙe zafi, abin da muke kwana muna yi kuna gama shi kafin hantsi, amma idan tukunyarki ta kama ranar Sallah ban san ƙofar da za ki aika yaro ba.

Batun soyayyar shinkafa ban ce haramun ba ce, ni ma ina ci idan an kawo mini, ko da yake haƙorana ba sa shiri da karas ɗin da kuke bari ɗanye a ciki. Sai dai surukarki mutuniyar da ce, kuma na san abin da za ta fara nema idan ta ɗaga murfi. Zan ba ƙaninki kabewa ɗaya da daddawar da aka kawo mini daga ƙauye ya taho miki da su ranar Juma'a, tare da langa guda shida masu murfi daga cikin na aurena. Ki ƙirga su da kyau, domin bayan Sallah zan tambaye ki gidajen da suka shiga da abin da aka sako a cikinsu.

Kakarki.