Amsa: yadda GLP-2 ke kare bangon hanji

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne hanji na da sinadarin da ke kare shi idan bakteriya suka kai masa hari. Da gaske ne, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan sinadarai shi ne GLP-2, wani sinadarin saƙo (hormone) da hanjin kansa ke fitarwa.

Fatar cikin hanji fa siririya ce ƙwarai, layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta ne ke raba jini da duk abin da ke cikin hanji. Cikin kwana 3 zuwa 5 ake sabunta ta gaba ɗaya. Bakteriya irin su Salmonella kan sassauta ɗinkin da ya haɗa ƙwayoyin nan, sai ruwa ya tsiyaye ya zama gudawa, guba kuma ta samu kafar shiga jiki.

Wasu ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin L da ke ƙarshen ƙaramin hanji da cikin babban hanji su ke fitar da GLP-2, musamman bayan an ci abinci. Yana hanzarta haihuwar sababbin ƙwayoyi, ya rage mutuwar tsofaffi, ya ƙara ɗaure ɗinkin, ya kuma ƙara jinin da ke zuwa wurin. Abin da ya fi burge ni, ba da fatar yake magana kai tsaye ba. Jijiyoyin saƙo da ƙwayoyin da ke ƙarƙashinta yake aika, ƙwayoyin kuma su saki wani sinadarin girma mai suna IGF-1 ya yi aikin.

Wani masani, Daniel Drucker na Toronto, ne ya nuna ƙarfin GLP-2 na haɓaka fatar hanji a 1996, a jikin ɓeraye. Sai dai a cikin jini minti 7 kacal ya isa rabinsa ya lalace, shi ya sa aka ƙera maganin teduglutide, kwafinsa mai daɗewa. Masu gajeren hanji, kamar waɗanda aka yanke wa yawancinsa a tiyata, ake ba shi, ba mai gudawa ba.