Sayen Babur Na Hannu: Abin Da Ake Samu Da Abin Da Ake Tsoro

Tambaya: Ina neman babur da zan riƙa zuwa wurin aiki da shi, amma kuɗin da na tara ba su kai na sabo ba. An nuna mini wani na hannu mai cc 125, wanda aka ce shekararsa uku, kuɗinsa bai wuce rabin na sabo ba, mitarsa tana nuna kilomita 9,000, kuma an yi masa sabon fenti. Mai shi ya ce takardun suna hannun yayansa da ya yi tafiya, zai kawo mini su daga baya, sannan yana son a gama ciniki cikin makon nan. Shin in saya, ko in ƙara haƙuri har in haɗa kuɗin sabo? Idan zan saya, me ya kamata in duba?

Amsa: Malam, sayen babur na hannu ba aibu ba ne, kuma ga wanda kuɗinsa ke da iyaka sau da yawa shi ne ya fi dacewa. Babur yana zubar da mafi yawan darajarsa ne a shekarunsa na farko, saboda haka wanda ya saye shi sabo shi ne ya ɗauki wannan asara, kai kuma da ka zo daga baya kana iya hawansa shekara biyu ko uku ka sayar ba tare da ka rasa abu mai yawa ba. Ƙananan babura masu silinda ɗaya, irin wanda ka ambata, an ƙera su ne don su jure wahala. Honda Super Cub da ya fito a 1958 an ƙera fiye da miliyan 100 nasa zuwa 2017, haka nan CG125 da kamfanin ya fitar a tsakiyar shekarun 1970 an tsara injinsa ne musamman don ya iya jure sakacin masu shi wajen kula. Irin waɗannan injuna kowane bakanike ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu. Idan kuma kai sabon mahayi ne, faɗuwar farko, wadda da wuya mutum ya tsallake ta, ta fi sauƙi a zuciya idan a kan tsohon babur ta faru.

Haɗarin yana wuri guda ne: mai sayarwa ya san tarihin babur ɗin, kai ba ka sani ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin wannan a 1970 game da kasuwar motocin hannu, aikin da ya sa ya shiga cikin waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, masu kaya nagari sai su janye, kasuwa ta cika da waɗanda ake neman rabuwa da su. Ga shi kuma babu garanti, duk abin da ya lalace bayan ka biya a wuyanka yake. Aikinka ke nan ka rage wannan rashin sani gwargwadon iko kafin kuɗi su bar hannunka.

Na fara da takardu domin a nan ne labarinka ya fi tayar mini da hankali. Inji idan ya lalace ana yi masa garambawul, amma babur ɗin sata ko wanda ake bin bashi a kansa babu bakaniken da zai gyara maka shi. Idan aka kama shi a hannunka, mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne ka rasa babur ka rasa kuɗi, wani lokaci kuma sai ka yi bayanin yadda aka yi ya zo hannunka a gaban hukuma. Akwai kuma wanda ba na sata ba ne, amma an karɓe shi ne a kan biya kaɗan-kaɗan kuma ba a gama biya ba, wanda ke nufin mai sayar maka bai riga ya mallake shi ba. Maganar cewa takardu suna wurin yaya tana iya zama gaskiya, sai dai idan gaskiya ce jira na mako ɗaya ko biyu ba zai cutar da kowa ba. Ba a cinikin biri a sama. Idan takardun suka zo, ka gwada lambar shasi da lambar inji da ke rubuce a cikinsu da waɗanda aka buga a jikin babur ɗin, harafi bayan harafi. Lambar shasi galibi tana wuyan babur, inda kan yake juyawa, kuma a yawancin baburan zamani haruffa da lambobi 17 ce, waɗanda babu I ko O ko Q a cikinsu. Ka shafa wurin da yatsa: idan ka ji alamar an goge, ko haruffan ba su yi daidai da juna a girma da zurfi ba, ko fentin wurin ya fi na sauran jiki kauri, ka bar cinikin nan take. Sunan da ke takarda kuma ya zama shi ne na katin shaidar wanda ke karɓar kuɗinka.

Bayan takardu sai shasin kansa, domin shi ma idan ya lanƙwashe gyaransa ba ya cika mayar da shi yadda yake, kuma rayuwarka ce a kansa. A nan ne sabon fenti yake bukatar tambaya. Babur mai shekara uku wanda bai yi tafiya mai yawa ba me zai kai shi wurin mai fenti? Yana iya yiwuwa mai shi mutum ne mai son ƙyalli, yana kuma iya zama kyan ɗan maciji, wato an rufe walda ko tabon haɗari. Ka tsaya a bayansa ka tsuguna ka duba ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Ka leƙa ƙarƙashin tanki da kewayen wuya ka nemi walda wadda ba ta masana'anta ba. Ka ɗaga gaban ka juya kan hagu da dama a hankali. Ya kamata ya tafi sumul, ba ya maƙalewa a tsakiya, kuma iyakar juyawarsa ta zama daidai a ɓangarorin biyu. Ƙarshen hannun birki da na kuloci, da gefen salansa, da wurin ɗora ƙafa, su ne ke fara taɓa ƙasa idan babur ya faɗi. 'Yar gogewa a wuraren nan ba abin damuwa ba ce, amma idan ka tarar duk na gefe ɗaya sababbi ne alhali na ɗaya gefen sun tsufa, to akwai labarin da ba a ba ka ba.

Mita kuwa kada ka ba ta amana da yawa. Kilomita 9,000 a shekara uku bai kai kilomita 10 a rana ba, wanda mai yiwuwa ne, amma mayar da mita baya ko sauya ta gaba ɗaya aiki ne na 'yan mintoci. Jikin babur ya fi mita faɗin gaskiya. Robar wurin ɗora ƙafa da ta hannu idan sun suɗe, kujera ta zauna, faifan birki ya yi rami, babur ɗin ya yi tafiyar da ta wuce abin da aka rubuta. Taya ma tana ɗauke da ranar haihuwarta: a gefenta, a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Idan an ce babur shekararsa uku amma tayar da aka ce ta asali ce ta girme shi nesa, lissafin bai haɗu ba.

Game da inji, sharaɗina ɗaya ne wanda ba na sassautawa: a tayar da shi a gabanka yana sanyi. Ka gaya wa mai shi tun kafin ka zo, idan ka iso kuma ka kai hannu kusa da kan injin ka ji ko akwai ɗumi. Injin da ya gaji yana ɓoye aibinsa da zarar ya ɗauki zafi, shi ya sa wasu masu sayarwa suke ɗumama shi kafin mai saye ya iso. Idan ya tashi, ka dubi hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi a injin da ba a haɗa masa fetur da baƙin mai yana nuna yana ƙona baƙin mai, galibi saboda ringi ko fistin sun ci, kuma wannan hanyar garambawul ce. Baƙin hayaƙi yawanci fetur ne ya yi yawa, matsalar kafireta ko matatar iska, wadda ba ta da tsada. 'Yar ƙara siririya daga saman inji sau da yawa saiti kawai take bukata, amma bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa idan an ja wuta, babban aiki ne. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza abin da ya fito tsakanin yatsunka a cikin haske. Idan ka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, injin yana cin kansa. Idan kuma man ya yi kauri fiye da kima, ka yi zargin an zuba shi ne don ya danne ƙara. Man da aka sauya jiya, a ganina, ba shaida ba ce ta komai. Rasit na juyen mai na watannin baya ya fi shi daraja sau goma.

Daga nan sai ka hau, ko ka sa wanda ya ƙware ya hau, a bi dukkan giyoyi har na ƙarshe. Giyar da ke fita da kanta idan an ja wuta aiki ne na buɗe inji. Idan ƙarar inji tana hawa amma gudu ba ya ƙaruwa, kuloci ne ya ci, shi kuwa da sauƙi. A gwada birkin gaba da na baya daban-daban, a kuma lura ko babur ɗin yana ja gefe ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya. Wutar lantarki tana da saurin aunawa: batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji yana kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan an ɗan ja wuta, idan bai hau ba to ba ya caji. Wayoyin da aka yanka aka ɗaure da salatif a wurare da yawa su kan zama ciwon kai na shekaru.

Sauran abubuwa, irin su sarƙa da haƙoranta, takalmin birki, batir, fulogi, taya da shokazoba mai yoyo, kaya ne masu ƙarewa a kowane babur, kuma bai kamata su hana ka saye ba. Ka tambayi kuɗin kowanne, ka haɗa, ka nemi a rage maka shi daga farashi. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne wannan jimla, har su kashe duk abin da suka tara a ranar ciniki su koma gida da babur mai suɗaɗɗiyar taya. Ka ware wani kaso tun farko don gyaran makon farko, da sauya sunan mallaka, da inshora, da hular kwano. Hular kam sabuwa za ka saya, domin wadda ta taɓa buguwa tana iya lalacewa daga ciki ba tare da an ga alama a waje ba. Idan ka haɗa duk wannan ka ga ya kusa kuɗin sabo, arahar ta tashi a banza, gara ka ƙara haƙuri. Bakaniken da za ka tafi da shi kuma ya zama naka ne, kai za ka biya shi, ba wanda mai babur ko dillali ya kawo ba.

A kan babur ɗin da aka nuna maka, abubuwa uku sun haɗu waɗanda kowannensu shi kaɗai ana iya samar masa uzuri: sabon fenti a kan babur mai ƙarancin shekaru, takardun da ba sa nan, da gaggawar mai sayarwa. Haɗuwarsu wuri guda ita ce ba ta kwanta mini ba. Kada ka ba da ko kafin alƙalami. Ka gaya wa mai shi cikin mutunci cewa kana so, kuma za ka dawo da bakanikenka ranar da takardu suka iso, a tayar da inji da sanyin safiya. Idan ya amince kuma komai ya yi daidai, ku rubuta yarjejeniya mai ɗauke da kwanan wata, lambar shasi, lambar inji, adadin kuɗi da sa hannun shaidu, sannan ka biya ta hanyar da za ta bar shaida. Idan kuwa ya ce ba zai iya jira ba domin akwai wani mai saye, ka bar wa wancan ɗin, ka ci gaba da neman wani.