Amsa: ko ki yi maganar tarin fuka a WhatsApp?

'Yar'uwa, Allah ya ba ƙanenki lafiya. Kin ce tun da aka gano yana da tarin fuka maƙwabtanku a Tahoua suka ɗauke ƙafa, har kwanonsa aka ware, kina tambaya ko ki yi magana a WhatsApp.

Ki yi, amma da yardarsa. Kada ki sa sunansa ko hotonsa in bai amince ba.

Shawarata, ki ɗauki murya maimakon rubutu. Dattawa da yawa ba sa karatu, balle na Faransanci, amma saƙon murya na minti ɗaya da Hausa kowa zai saurara, tsohuwa ma sai ta ce jikanta ya sake kunna mata. Ki gaya musu ƙwayar cuta ce mai bin iska in mai ita ya yi tari. Ba sammu ba ne, kuma ba ta bin kwano ko musabaha. Maganin na wata 6 ne, kyauta ake bayarwa a asibitin gwamnati, kuma bayan 'yan makonni da fara sha haɗarin yaɗawa yana raguwa ƙwarai. Wanda tari ya wuce masa mako 2, ya je CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, a auna majinarsa.

In da hali, ki roƙi ma'aikacin lafiya ya yi saƙon da bakinsa, an fi yarda da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne masu barin magani a tsakiya don gudun tsangwama. Ku ma 'yan gida ku je a duba ku, musamman ƙananan yara.