Araha, Zanen Aro da Bashin Sallah: Amsoshin Tambayoyinku kan Sutura

Assalamu alaikum. Yawancin tambayoyin da suka iso mini a wannan karo a kan tufafi suke da kuɗin da ake kashewa a kansu. Ban yi mamaki ba, domin duk mai iyali ya san yadda farashin yadi da kuɗin ɗinki suke ci masa tuwo a ƙwarya. Na haɗa masu kama da juna wuri guda.

Wata malamar makaranta daga Zariya ta ce: "Malam, ɗalibaina sun tambaye ni bambancin tufafi da sutura da kaya, na ce musu duk ɗaya ne. Na yi daidai?"

Malama, kin yi kusa, amma da sauran magana. Tufafi jam'in tufa ne, wato duk abin da aka saƙa ko aka ɗinka don a sa a jiki, kuma daga nan muka samu "tufatarwa", kamar yadda ake cewa ci da sha da tufatarwa suna kan maigida. Kaya kuwa kalma ce mai faɗi. Akwai kayan miya, akwai kayan aiki, akwai kayan ɗaki, shi ya sa in ana son tantancewa sai a ce kayan sawa.

Sutura ita ce mai nauyi a cikinsu. Daga Larabci muka aro ta, daga tushen da ke nufin rufewa da kārewa. In Bahaushe ya ce sutura, ba launi ko tsada yake dubawa ba, yana duba ko abin ya rufe abin da ya kamata a rufe, ya fitar da mutum cikin jama'a ba tare da kunya ba. Ki lura, da wannan kalmar muke cewa "an yi wa mamaci sutura", ba ma cewa an yi masa kaya. Da ita kuma ake addu'a a ce Allah ya suturta mu, ana nufin rufin asiri.

A ɗaya gefen kuma akwai ado da kwalliya, waɗanda ƙari ne a kan sutura. Ki koya wa yaran wannan bambanci da kyau, don ni a ganina rabin rigimar kuɗin tufafi a gidajenmu daga nan take tasowa. Maigida ya ce ya yi sutura, uwargida ta ce ba a yi mata komai ba, alhali shi sutura yake lissafi, ita kuma ado take nufi. Kowannensu yana da gaskiya a kan kalmarsa. Sutura wajibi ce, ba a jinkirta ta. Ado halal ne kuma abin so, sai dai shi yana jiran hali.

Wani matashi ma'aikaci daga Kano ya rubuto: "Duk lokacin da na shiga Kantin Kwari na nemi shadda mai sauƙin kuɗi, sai mai shago ya ce mini araha ba ta ado. Shin wannan karin magana tana nufin dole sai na sayi mai tsada?"

Ɗana, karin maganar gaskiya ce, tsohuwa ce kuma, amma ana ɗora mata kayan da ba nata ba. Dubi abin da ta faɗa: araha ba ta *ado*. Ba ta ce araha ba ta sutura ba. Wanda ya sayi yadi mai sauƙin kuɗi ya ɗinka ya rufe jikinsa bai saɓa wa maganar magabata ba ko kaɗan. Su ɗin ne dai suka ce da tsirara gara baƙin bante, kuma suka ce da babu gara ba daɗi.

Abin da karin maganar take gargaɗi a kai shi ne yaudarar kai, wato ka biya kuɗin ƙaramin abu kana sa ran ya yi maka aikin babba. Mutanen da suka yi wannan magana sun san tufa ciki da waje. Kano gari ne na masaƙa da marina da mabuga tun kafin zuwan Turawa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin garin har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata tana nan har gobe, turkuɗin garin Kura kuma, wato rinannen yadin nan mai sheƙi, Buzaye sun san darajarsa. Mai sayen saƙi ko tsamiya ko kore a wancan zamani ya san rigar za ta daɗe har wataƙila ɗansa ya gaje ta. To a irin wannan kasuwa, in aka ce maka abu ya yi araha fiye da kima, akwai dalili: ko zaren bai da ƙwari, ko rinin bai kama ba.

Haka abin yake a yau. Shaddar Getzner, wadda 'yan kasuwa ke kira gezna, daga garin Bludenz na ƙasar Ostiriya take zuwa, atamfar holan ta kamfanin Vlisco kuma daga Helmond a ƙasar Holan, kamfanin da aka kafa tun 1846. Tsadarsu ta sa kwaikwayonsu ya cika kasuwa, har da tambari. Saboda haka tsada kaɗai ba shaidar kyau ba ce. Ka ga yadda iyayenmu mata suke yi in sun je sayen atamfa: ta kama gefen turmin ta murza tsakanin yatsu ta ga ko sitaci ne ya ba shi ƙarfi, ta juya bayansa ta ga ko zanen ya ratsa fuska biyu, wata ma ta ɗan jiƙa bakin ta goga a farin ƙyalle don ta san ko mai zuba ce. Wannan ilimi ya fi tambayar farashi amfani.

Ga lissafin da nake ba ka shawara ka riƙa yi. A ce shadda biyu ne a gabanka, ɗaya ta ninka ɗaya sau uku a kuɗi. Kuɗin tela kusan ɗaya ne a kan kowacce. In mai arahar za ta koɗe bayan wanki kaɗan, mai tsadar kuma za ta yi shekaru ana kai ta wurin mabuga tana dawowa da sheƙinta, to mai tsadar ce mai araha, muddin kuɗin naka ne a hannu. In kuwa sai ka ci bashi ko ka taɓa kuɗin cefane, to ɗauki wadda za ka iya, ka sami tela mai hannu. Ɗinki mai kyau da wanki da guga suna ɗaga yadi matsakaici sosai. A nan ne ake cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu, wato abin da aka samu ya kai abin da aka kashe. Mai shago yana neman kasuwarsa ne, ba laifi ya yi ba. Ka amsa masa da fara'a ka ce daidai ruwa daidai tsaki.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambaya: "Mece ce katara a cikin zanen aro ba ya rufe katara? Kuma wannan zanen shi ne na tun ran gini ran zane?"

Katara ita ce gefen jiki daga ƙugu zuwa saman cinya, wurin da zane ya fi wajaba ya rufe. Ana kuma cewa kayan aro ba ya rufe katara, duk ɗaya ne. Hikimar tana da fuska biyu. Zanen da ba a yanka don ke ba da wuya ya zauna miki daidai. Ko ya zauna ma, mai shi tana iya aikowa a karɓa a lokacin da kika fi bukatarsa, ko ta faɗa a gaban mutane cewa nata ne. Don haka rufin da ya yi miki ba rufi ba ne.

Zanen ɗaurawa daban yake da na gini. A rubutun boko sun yi kama, amma a baki ba su haɗu ba. Na ɗaurawa wasalin farkonsa gajere ne, murya ta fara sama ta sauko, jam'insa zannuwa. Na gini kuwa ana jan wasalin farko, murya ta fara ƙasa ta hau, shi ne adon da magini yake yi a jikin bango tun ƙasa tana ɗanya.

Bari in ƙara abin da ba ki tambaya ba. A zamanin nan aron zane ya ragu, bashin zane ya ƙaru. Dillaliya ta kawo leshi har ɗaki, a ɗauka a riƙa biya kaɗan-kaɗan, sau da yawa a farashin da ya ɗara na kasuwa. Ni ina ganin karin maganar ta hau kan wannan ma. Tufar da ba a gama biya ba, har yanzu da sauran hannun mai ita a jiki. Kuma Hausawa ba su ɓoye ra'ayinsu a kan wannan ba, tunda suka ce Sallah bikin ɗaya rana, suka kuma ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Kalmar wawa tana da zafi, da gangan aka sa ta. Ba su hana ɗinkin Sallah ba, ai farin cikin yara ne kuma sunna ce a fita Idi da tufa mai kyau. Wanda suke zargi shi ne wanda ya san ranar tana tafe tun shekara guda, bai tanadi komai ba, sai goman ƙarshe na azumi ya ruga kasuwa lokacin da kaya suka hau, teloli kuma suka cika. Masu dabara tun Rajab ko Sha'aban suke yankan yadi, wasu su shiga adashi su daidaita kwasarsu da lokacin.

Wani ɗalibin jami'a daga Sakkwato ya ce: "Anko da gwanjo Hausa ne?"

Sun zama Hausa, amma baƙi ne, dukansu ta hannun Yarabawa suka shigo. Gwanjo asalinta sayar da kaya ta hanyar yin tayi a bainar jama'a, wanda ya fi tsada ya ɗauka, kuma har yanzu ana cewa gwamnati ta yi gwanjon motoci. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa ta kama tufafin da aka riga aka sa, waɗanda ake kawowa cikin dila, irin na kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano. Kada ka haɗa ta da Gwanja, ƙasar da ke arewacin Ghana inda fatake suke zuwa sayen goro.

Ita anko al'ada ce ta Yarabawa, wadda suke kira ashobi, wato tufar dangi. A wurinsu alama ce ta zumunci. Da ta iso mana sai ta yi rassa: na kamu daban, na ɗaurin aure daban, na walima daban, na ƙawaye daban da na iyaye. Zan faɗi ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba. Ba daidai ba ne a fitar da anko mai tsada a auna zumunci da shi, har yarinyar da ba ta da hali ta ƙi zuwa bikin aminiyarta don kunya. Mai biki in tana son jama'arta, ta zaɓi atamfar da mafi ƙarancin hali a cikinsu za ta iya saya, ta kuma faɗa da bakinta cewa wadda ba ta yi ba ta zo da abin da take da shi. Faɗin da bakin nan yana da muhimmanci, don shiru a irin wannan wuri tilas ne.

Wani dattijo daga Kumasi ya nemi bayanin "ƙure adaka".

Baba, wannan kalma daga wajenku ta zo. Adaka akwati ne a harshen Asante, fataken goro suka kawo mana ita tare da kayansu, kamar yadda akwati ita ma daga Yarabanci take. A adaka ake ajiye tufafin fita, mafi daraja kuma a can ƙasa yake, an naɗe shi da turare. In aka ce wance ta ƙure adaka, ana nufin ta zaro na ƙarshe, wanda babu na sama da shi. Yaran yanzu sai su ce ta ɗau wanka, ko ta sa na kece raini. Tsohuwar maganar tana nuna tsarin da mutanen da suke bi: akwai kayan zaman gida, akwai na fita unguwa, akwai na adaka da ba a taɓa shi sai ranar Sallah ko babban biki. Shi ya sa zane ɗaya yake yin shekaru bai tsufa ba.

Wata amarya daga Bauchi ta ce mijinta yana cewa tattali yake yi, ita kuma tana ganin rowa ce, tana son a raba musu kalmomin.

'Yata, kalmomin zan iya raba muku. Tattali kula da abin da ke hannu ne don ya daɗe, kamar wanke shadda da hannu a shanya ta a inuwa. Tanadi ajiye wani abu ne saboda bukatar gobe. Tsimi rage kashewa ne, a yi da kaɗan. Duk ukun yabo ne. Rowa kuwa hana abin da ya wajaba ne alhali akwai shi, maƙo kuma ya fi ta muni, don mai maƙo har kansa yake hanawa. A can ɗaya bakin akwai almubazzaranci, daga Larabci, wato watsa dukiya inda ba ta da amfani. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda in sun ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙuntatawa, suna tsayawa a tsakani.

In yana da hali ya bar ki da zane biyu da suka koɗe, wannan rowa ce, ko da wane suna ya kira ta. In kuwa suturarki ta wadata, abin da ya ƙi shi ne sabon leshi a kowane biki, to tsimi yake yi. Ku zauna ku yanka abin da za a ware wa tufafi a shekara, na Sallah biyu da na anko da na yara, kowa ya san adadin tun kafin katin biki ya iso.

Sauran tambayoyin da suka shafi sunayen huluna da aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, za su zo a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.