Kwalliyar kek ɗinki ba ta biyan kuɗin sabulu

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina yin kek da alawa da biskit a gida, kuma kasuwata ta fi buɗewa lokacin bukukuwa, sa'ad da mutane ke neman abin da za su kai wa 'yan'uwa da abokan arziki kyauta. A bikin da ya wuce na yi kek 40 da kwali 120 na alawa da biskit. Yadda nake sa kuɗi shi ne in lissafa abin da na kashe a kayan haɗi in ninka biyu. Ado kuwa, duk hoton da mutum ya turo min shi nake yi masa, ba na ƙara komai don kada a gudu. Mako biyu ban yi barcin kirki ba, har oda na mayar, amma da biki ya wuce abin da ya rage a hannuna bai taka kara ya karya ba. Ina so in ci bashi in sayi babban obin da injin kwaɓi in ninka abin da nake fitarwa, don na ga wasu a TikTok da wannan sana'ar suka buɗe shago cikin shekara guda. Ki ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ci bashin nan. Matsalarki ba ta obin ba ce, kuma ke da kanki kika faɗe ta a tsakiyar wasiƙarki kika wuce kamar ba komai ba: duk hoton da aka turo kina yi, ba kya ƙara komai. Fulawa da sukari da bota kike sayarwa, aikin hannunki kuma kina rabar da shi kyauta. Alhali aikin hannun ne ya sa aka zo wurinki. Wanda zai ba da kyauta ba cikinsa zai cika ba, so yake in an buɗe kwalin a ce masha Allah, kuma wannan masha Allah ɗin ita ce kaɗai ba ki sa wa farashi ba.

Zo mu yi lissafi, mu ɗauki 100 don sauƙi. Kayan haɗin kek ɗaya sun ci 100, kin sayar 200, a ranki kin ci ribar 100. To cire kwali, da allon da kek ke zama a kai, da ribon, da gas, da wutar firij, da kuɗin ɗan aike, da wanda ya ƙone ko ya tsage aka sake. A abin da na saba gani, waɗannan kan tashi wajen 40. Saura 60. Kek mai sauƙin ado, shafe da ɗan zane a gefe, daga kwaɓi zuwa rufe kwali zai ci miki kamar awa 1 da rabi, kin ga awarki ta tashi a 40. Kek mai furannin sukari da aka murza ganye-ganye da hannu, da rubutu, da launi uku, ba ya kasa awa 6. Shi ma 60 ɗin ya bar miki, ko ya ɗara kaɗan, wato awarki ta faɗo 10. Tsarin ninka kayan haɗi ba zai taɓa kama wannan ba, domin kayan fure ba su da tsada, sukari ne da ɗigon kala. Abin da furen ke ci lokaci ne.

Yanzu a ce 25 daga cikin kek 40 ɗin nan irin na hoto ne. Awa 150 ke nan, a kan 1,500. Ga inda barcinki ya tafi. Da awannin nan kika zuba a kek mai sauƙin ado, da sun isa guda 100, wato 6,000. Ban ce lallai kina da masu sayen 100 ba, amma ke kika ce har oda kika mayar. Masu son kek mai sauƙi kika sallama don ki zauna kina murza wa wata fure a kyauta.

Abin da ke ba ni haushi da masu wannan sana'a shi ne, in kaya suka tashi a kasuwa kowa na da bakin magana. A watan Maris na 2024 farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kowane tan, bayan noman ya lalace a Kwaddibuwa da Gana, ƙasashen da ke samar da fiye da rabin kokon duniya. Duk mai yin alawar cakulan ta ƙara kuɗi ba tare da jin kunya ba, kwastomomi suka yi ƙorafi suka biya. Amma a ce wa mace ta caji awa 6 da ta yi a tsaye, sai ta fara sosa ƙeya tana cewa kada a ce ta cika son kuɗi.

Akwai wata da na sani, hannunta ya fi na kowa a cikin waɗanda na taɓa ba wa shawara. Ana saura kwana biyar biki wata dangin mijinta ta turo mata hoton kek mai hawa uku da ta tsinto a Instagram, ta ce ai ba abin da za ki saya, hannunki ne kawai. Ta karɓa a farashin kek uku na yau da kullum. Washegari saƙo ya shigo: a canza launin, wancan ya yi duhu. Da yamma wani: a ɗan ƙara fure a hawa na biyu. Kowane saƙo da "ɗan" yake farawa. Fondan ɗin, wato ƙullin sukarin da ake lulluɓe kek da shi, wanda ta riga ta rina, ya tashi a banza, ta sake kwaɓa wani. Kwana biyu cur kek ɗin nan ya cinye, kwalayen biskit na wani ofis da suka biya rabin kuɗi suna jiran ado. Shi kuma adon biskit ba ya jin gaggawa: in kin malala aisin, wato kwaɓin sukarin ado, a kai sai ya sha awa 6 zuwa 8, wani lokaci kwana guda, kafin ya bushe a yi masa zane na biyu. Ta yi saurin zubawa a kwali, suka manne da juna, launi ya shiga launi. Ofishin ba su yi faɗa ba, sun dai daina kira. Mai kek mai hawa uku kuwa ta biya cikon kuɗinta bayan wata biyu, tana cewa furen bai kai na hoton ba.

To a ce kin sayo babban obin ɗin. Me zai yi? Zai gasa miki kek 8 a lokacin da ƙaramin ke gasa 2, sai guda 8 su jeru a kan tebur tsirara suna jiran hannaye biyun nan dai. Ki tuna makon bikin da ya wuce da kyau. Sau nawa kika zauna kin naɗe hannu kina jiran obin? Ina da tabbacin obin ɗin ne ya huce yana jiran ki. Ga shi kakar wannan sana'a mako biyu ce ko uku, mai bashi kuma wata 12 yake ƙirgawa, bai san wani watan da ba biki ba. Na ga wadda ta yi haka. Obin ɗin na nan a lulluɓe, ta mayar da samansa wurin ajiye kwalaye, kuɗin biyan bashi kuma daga kuɗin cefane yake fita. In kina tafka asarar lokaci a kan kowane kek, ninka yawan kek ɗin ninka wahalar ne.

Maganar 'yan TikTok kuwa, ki bar ta. Bidiyon daƙiƙa 30 aka nuna miki na aikin yini guda, ba a nuna miki littafin lissafinsu ba, kuma da yawansu abin da ke kawo musu kuɗi koyar da irinki ne, ba sayar da kek ba.

Abin da nake so ki yi ba ya buƙatar bashi. Daga kek na gaba, ki ajiye agogo kusa da ke. Ki rubuta lokacin da kika fara da lokacin da kika gama, har da wanke-wanke, har da mintunan da kika ɓata kina amsa saƙon mai odar. A littafinki, kusa da kuɗin kayan haɗi, ki ja layi na awanni. Sai ki yanke wa awarki kuɗi. In kin rasa ta inda za ki fara, ki tambayi kanki nawa za ki biya wata ƙwararriya ta zo ta tsaya miki awa guda tana wannan adon. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma ba riba ba ne, ladan aiki ne. Riba tana zuwa ne a bayansa. Duk wadda ta haɗe ladan aikinta da ribarta a wuri guda, ranar da ta ɗauki mai taya ta za ta gane cewa ba ta taɓa cin riba ba.

Sannan ki daina karɓar hoto a matsayin oda. Ki zaɓi ado uku da hannunki ya saba da su har kina iya yi kina hira, ki ɗauki hotunansu da kyau, ki sa wa kowanne farashinsa. Kek na goma a zane ɗaya yana ɗaukar kusan rabin lokacin na farko, kala ɗaya za ki haɗa da yawa, ba ki tsaya wanke kwano bayan kowane launi ba. Wadda ta dage sai nata hoton, babu laifi, amma da nasa farashin: ki kalli hoton, ki ƙiyasta awanninsa, ki ƙara awa guda a kai don kullum sai ya wuce yadda aka zata, ki faɗa mata. Rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma da zarar an biya, launi da zane sun rufe, canji sabon ciniki ne. Dangi ma haka. In kina son yi wa 'yar'uwa alheri, ki faɗa mata cikakken kuɗin tukuna, sannan ki ce kin yafe mata kaza. Ta haka ta san abin da aka ba ta, ke ma kin san abin da ya fita daga hannunki.

Na san abin da ke ranki: za su gudu. Wasu za su gudu ɗin. Waɗanda za su fara tafiya su ne masu cin awa 6 a kan 60, kuma in suka koma wurin wata, ita za ta kwana a tsaye.

Kwalayen nan 120 da kika ambata a gurguje, ina zargin su ne suka riƙe ki ba ki faɗi warwas ba, kuma su nake so ki fi mayar da hankali a kai. Tukunya ɗaya ta alawa tana cika kwali da yawa, kuma ba sai a makon biki za a yi ta ba. Alawa mai ƙarfi da aka dafa sukarinta ya kai wajen digiri 150 tana yin makonni in an rufe ta inda iska da laima ba sa shiga. Ƙullin biskit yana zama a firiza, gasasshen kek da aka naɗe da kyau shi ma haka, furannin sukari kuwa in sun bushe suna yin watanni a kwali. Duk waɗannan awanni ne da za ki kwashe daga makon da lokaci ya fi tsada ki kai su makonnin da kike zaune. Abin da ba ya jira shi ne kirim: na madara kwana biyu ko uku ne a firij, na bota kuma yana fara saki tun kafin zafi ya kai digiri 32 zuwa 35 da bota ke narkewa. Irin wannan ne kaɗai ya kamata ya rage miki a kwanakin ƙarshe.

Cakulan ma ki duba shi da idon agogo. Na asali mai man koko, in baƙi ne, sai an narkar da shi zuwa digiri 45 ko 50, a saukar zuwa 27 ko 28, a ɗaga zuwa 31 ko 32, in ba haka ba ya fito da farin dabbare-dabbare kuma ya narke a yatsa. Wanda aka haɗa da man itatuwa narkarwa kawai yake so, amma ɗanɗanonsa bai kai ba. Kowanne da masu sayensa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ki yi wahalar na farko ki karɓi kuɗin na biyu.

In akwai abin saya yanzu, ƙanana ne. Sikeli, domin kofin fulawa ɗaya yana iya zama giram 120 yau gobe 150, gwargwadon yadda aka danna shi, kuma kek ɗin da ya ƙi tashi sake shi wata awar ce. Ma'aunin zafi na alawa. Faifan da ke juya kek yayin shafe, in ba ki da shi. Sai yarinya mai wanke kwanuka da naɗe kwali da ɗaura ribon a makon biki, ki biya ta ko da ƙanwarki ce, don hannun da zai iya fure bai kamata ya yini a cikin ruwan wanke-wanke ba. Ki kuma sa ranar rufe karɓar oda, ki ƙirga awannin da kike da su tsakaninta da biki, in sun cika sun cika.

Injin kwaɓi dabam yake da obin, shi yana rage aikin hannu da gaske, musamman wajen buga bota da sukari. Ina goyon bayan ki saye shi, amma daga ribar biki mai zuwa, bayan kin cire ladan aikinki. Obin kuwa, ranar da littafinki ya nuna cewa kina zama kina jiran gashi alhali ado ya ƙare, ki turo min shafin mu duba tare.