Mafarkin kaka da ta rasu: shin kiranta alamar mutuwa ce?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kakata ta wajen uwa ce ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji. Allah ya yi mata rasuwa bara da azumi, kuma tun bayan babbar salla nake yawan ganinta a mafarki. Wani lokaci cikin fararen kaya a kan sallayarta, tana dariya tana tsokanata da "kishiya" kamar yadda ta saba, har ta miƙo mini fura na sha. Wani dare na gan ta fuska ba walwala, tana cewa akwai kuɗin adashin wata maƙwabciyarta a kanta, a biya. Wanda ya tayar mini da hankali shi ne na makon jiya: ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa "taso mu tafi", na bi ta har zaure sannan na farka. Gwaggona ta ce wanda ya ci abincin mamaci ko ya amsa kiransa ba ya daɗewa. Ta ce in yi sadakar ƙosai ga yara bakwai, a yanka baƙar kaza, in kuma je wajen wani mai duba. Ina da juna biyu, Malam, barci ya gagare ni. Shin kakata ce da gaske? Me ya wajaba a kaina?

Daga wata baiwar Allah a Gusau

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa can ta fi nan, ke kuma ya sauke ki lafiya.

Zan fara da abin da ya hana ki barci. Babu aya, babu hadisi, da ya ce wanda ya bi mamaci a mafarki ko ya ci abin hannunsa ajalinsa ya matso. Ƙarshen Suratu Luƙman ya yanke magana: babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Abin da Allah ya ɓoye wa masu rai, ba gwaggo ce za ta ciro shi daga mafarkinki ba, balle mai duba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa mafarki iri uku ne: akwai na kirki wanda bushara ce daga Allah, akwai wanda Shaiɗan yake jefowa don ya baƙanta wa mutum rai, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa sai ya biyo shi shimfiɗa. Mafarkanki uku ba lallai ne su fito daga kafa ɗaya ba, don haka kowanne za mu ɗauke shi daban.

Kin tambaya ko ita ce da gaske. Mai yiwuwa ne. A aya ta 42 ta Suratuz Zumar Allah ya ce yana karɓar rayuka lokacin mutuwarsu, da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu, sai ya riƙe wanda ya hukunta wa mutuwa, ya saki ɗayan zuwa ajali ambatacce. An ruwaito daga magabata irin su Sa'idu ɗan Jubairu cewa rayukan masu barci da na matattu suna haɗuwa gwargwadon yadda Allah ya so, kuma Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya ƙarfafa wannan a littafinsa na ruhi. Sai dai yiwuwa daban, tabbaci daban. Annabi (SAW) ya ce wanda ya gan shi a mafarki to shi ɗin ya gani, domin Shaiɗan ba ya iya ɗaukar kamarsa. Malamai suka fahimci cewa wannan kariya tasa ce shi kaɗai. Kamar kakarki, da muryarta, da irin tafiyarta, duk Shaiɗan na iya arowa. Zuciyarki ma na iya zana ta, tunda a hannunta kika tashi kuma ga ki ɗauke da cikin da kike burin da ta gani.

Mafarkin fararen kaya da dariya, ki yi murna da shi, ki gode wa Allah, ki ba wanda kike ƙauna labari, kamar yadda sunna ta koyar. Akwai kwatankwacinsa a zamanin sahabbai. Da Usmanu ɗan Maz'unu ya rasu a Madina, Ummul Ala'i, wadda a gidansu ya sauka ya yi jinya, ta ce ta shaida Allah ya girmama shi. Annabi (SAW) ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, sannan ya ce shi dai yana yi masa fatan alheri. Abin ya dame ta. Da ta kwanta sai ta ga wani marmaro yana gudana, na Usmanu. Ta ba Annabi labari, ya ce wannan aikinsa ne. Bukhari ne ya kawo wannan. A cikin labari guda aka hana yanke wa mamaci hukuncin Aljanna da baki, aka kuma karɓi kyakkyawan mafarki a matsayin bushara. Iyakar da za ki tsaya ke nan: fata mai ƙarfi, ba shaidar cewa ta gama tsallakewa ba, don kada a saki addu'a. Furar da kika sha kuwa, ko littattafan fassarar mafarki da ake yawo da su alheri suke kiran abin da mamaci ya bayar. Ban kawo su don su zama hujja ba. Wanda ake sayarwa a bakin masallatai da sunan Ibnu Sirin ma malamai da yawa sun ce ba shi ya rubuta shi ba. Na kawo su ne don ki ga maganar gwaggo ko a can ba ta da gindin zama.

Maganar adashi ita ce ta fi buƙatar a zauna a kanta, domin haƙƙin wani ya shigo.

Ƙa'idar da malamai suka tafi a kanta ita ce mafarkin wanda ba annabi ba ba ya tabbatar da hukunci. Ba ya wajabta, ba ya haramta, ba ya ɗora wa wani bashi, ba ya sauke shi. Imam Shaɗibi, babban malamin mazhabar Malikiyya na Andalus da ya rasu a 790 bayan hijira, ya yi dogon bayani a kan haka, ya ce amfanin mafarki bushara ne da gargaɗi kawai, sai an auna shi da shari'a. Ya kawo labarin Alƙali Sharik da Halifa Mahdi: halifa ya yi mafarki, aka fassara masa cewa alƙalin yana ɓoye masa ƙiyayya, ya sa a kawo takobi. Sharik ya ce masa mafarkinka ba na Annabi Ibrahim ba ne, mai fassara maka kuma ba Annabi Yusuf ba ne, ashe da mafarkin ƙarya za ka riƙa sare wuyan muminai? Halifa ya ji kunya ya sake shi.

Wani zai kawo labarin Sabitu ɗan Ƙaisu, sahabin da ya yi shahada a yaƙin Yamama zamanin halifancin Abubakar. Wani mutum ya gan shi a mafarki yana faɗa masa cewa an ɗauke sulkensa, an kife tukunya a kan sulken a can ƙarshen sansani, ya kuma lissafa basussukan da ke kansa. Aka gaya wa Khalidu ɗan Walidu, ya aika, aka tarar da sulken a inda aka kwatanta, daga baya Abubakar ya zartar da wasiyyar. Labarin sananne ne a littattafan tarihin sahabbai. Amma me aka fara yi? An je an duba. Sulken da aka gani ido da ido shi ya ba maganar nauyi.

Haka za ki yi. Ki sanar da mahaifiyarki da kawunnanki, tunda su ne magada. Ke jika ta wajen 'ya mace ba ki cikin masu rabo, ba kuma za ki tilasta musu da mafarki ba. A je wajen uwar adashin cikin hikima a tambaye ta ko Hajiya ta ɗauka ba ta gama zubi ba, ko an ba ta ajiyar wata. Mata da yawa suna da littafin da suke rubuta zubi, in babu kuma sauran 'yan adashin sun sani. Kada a fara da "mun yi mafarki ana bin ta kuɗi", don wannan buɗe ƙofa ne ga mai son banza. In bashi ya tabbata, biyansa wajibi ne daga abin da ta bari, domin ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun sa rabo bayan wasiyya da bashi. In an riga an raba, kowane magaji ya mayar gwargwadon kasonsa. A gaggauta, saboda Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. In kuma bincike bai nuna komai ba, babu abin da ya hau kan kowa. Idan an sami shakka kika ga dama ki biya daga aljihunki don zuciyarki ta natsu, ya halatta kuma kina da lada. Sahabi Abu Ƙatada ya taɓa ɗaukar bashin wani mamaci da ba nasa ba, sannan Annabi (SAW) ya sallaci gawar.

A nan zan ɗan ratse, don abin yana yawa. Sai a zauna rabon gado wani ya miƙe ya ce marigayi ya zo masa cikin dare ya ce gonar fadama tasa ce, ko kada a aurar da wance ga wane, ko wance ce ta kama kurwarsa. Duk wannan ba a saurarensa, ko da mai faɗin ya rantse. An raba zumunci, an jefi tsofaffin mata da maita, a kan abin da ba ya tsayawa gaban alƙali ko na minti ɗaya. Mai ƙirƙirar mafarki kuma ya sani Bukhari ya ruwaito cewa ranar ƙiyama za a tilasta masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, ba kuwa zai iya ba.

Mafarkin "taso mu tafi" alamarsa a fili take: ya bar ki cikin firgici, ya hana ki barci, ya kusa kai ki ƙofar boka. Abu Ƙatada da kansa ya ce yakan yi mafarkin da ke sa shi rashin lafiya, har ya ji maganin daga bakin Annabi (SAW). Wanda ya ga abin da yake ƙi ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, kada ya ba kowa labari, to ba zai cutar da shi ba. A wasu ruwayoyin Muslim an ƙara da juya kwanciya zuwa ɗaya gefen, da tashi a yi salla. Kin riga kin faɗa wa gwaggo, ba komai, amma ya tsaya nan. Fassararta ba ta ɗaure ki ba. An tambayi Imam Malik ko kowa na iya fassara mafarki, ya ce ashe da annabci ake wasa? Risala da muke karantawa a zaure ma ta ce bai kamata wanda ba shi da ilimin mafarki ya fassara shi ba.

Zuwa wajen mai duba haramun ne. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Baƙar kaza da aka zaɓi launinta don a kore wani abu, in an nufi iskoki da jinin to yanka ne don wanin Allah, kuma wannan shirka ce. In ba a nufe su ba, to ƙa'ida ce da babu wanda ya shar'anta ta. Ki bar ta ko ta wace fuska. Ƙosai kuwa abinci ne, sadaka da shi alheri ne. Ki soya ko ki saya, ki ba yara da almajirai, bakwai ne ko ashirin, da niyyar ladan ya kai ga Hajiya, ba da niyyar fansar kanki daga kiranta ba. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka za ta amfani mahaifiyarsa da ta rasu ba ya nan, ya ce e, sai ya bayar da gonarsa ta dabino. Bai jira mafarki ba, ke ma kada ki sa mafarki ya zama shi ke tuna miki. Ki yawaita nema mata gafara a sujada, ki riƙa leƙa ƙawayenta da 'yan'uwanta da ɗan abin hannu, kamar yadda Annabi (SAW) yake aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan rasuwarta.

Gwaggo kuma tsoron rasa ki ne ya sa ta faɗi abin da ta tarar ana faɗa. Ki gode mata, ki ce kin tambaya an ce sadakar ta isa, kada ki ɗaga mata murya.

Kafin ki kwanta ki yi alwala, ki karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, ki tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ki shafe jiki, ki kwanta ta dama in cikin ya bar ki. Masu juna biyu suna yawan mafarkai masu ƙarfi saboda barcinsu yana yawan yankewa, wannan sananne ne wajen likitoci. In rashin barcin da fargabar sun ci gaba, ki faɗa musu ranar awo, ki kuma sanar da maigidanki halin da kike ciki.

Allah ne mafi sani.